Kurakuran da Ke Mayar da Mai Barin Sigari Baya, da Yadda Ake Gyara Su

Mafi yawan masu shan sigari sun taɓa bari. Wani ya yi kwana biyu, wani mako guda, wani har watanni, sai a wayi gari kara ya dawo tsakanin yatsu. Idan ka tambaya me ya faru, amsar kusan ɗaya ce: "Zuciyata ce ba ta da ƙarfi." Ni dai ban gamsu da wannan amsar ba. Cikin mutum 100 da suka gwada bari ba magani, ba shawarar kowa, waɗanda ke cika shekara ba su koma ba ba su wuce 3 zuwa 5 ba. Ai ba za a ce duk sauran ragwaye ne ba. Abin da ke kayar da su wasu kurakurai ne da ake ta maimaitawa, kuma kusan kowanne yana da gyara.

Babbansu shi ne bari a ɓoye. Mutum ya ƙudura a ransa cewa daga gobe ya daina, amma ba ya gaya wa kowa, don kada ya gaza a yi masa dariya. Wato tun kafin ya fara ya tanadi ƙofar komawa. Abokinsa da bai san komai ba zai miƙa masa kara kamar kullum, matarsa za ta ga yana ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita ma ta rama, shi kuma ya samu hujjar fita waje ya kunna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan sigari har an auna hakan. A shekarar 2008 wasu masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, sun fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 12,000 na binciken garin Framingham da ke Amurka, daga 1971 zuwa 2003. Sun gano cewa mutane ƙungiya-ƙungiya suke barin sigari. Idan miji ko mata ya bari, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha takan ragu da kashi 67 cikin 100. Idan aboki ne ya bari, kashi 36. Idan ɗan'uwa ne na jini, kashi 25.

Gyaran shi ne ka sa rana, wadda ba ta wuce mako biyu daga yau ba, ka faɗa wa mutanen da kake cuɗanya da su. Kada ka tsaya a "ku taya ni da addu'a" kawai. Ka gaya wa kowa abin da kake so daga gare shi: wannan kada ya sha a gabanka, wancan kada ya ba ka ko da ka roƙe shi, wani kuma ya yarda ka kira shi a waya duk lokacin da abin ya motsa, ko da tsakar dare ne. Idan akwai wanda ya taɓa bari ya yi nasara, shi ya fi dacewa da wannan aikin na ƙarshe, domin ya san yadda kwana na uku yake.

Su ma masu ƙarfafa gwiwar suna da nasu kuskuren, kuma ba ƙarami ba ne. Wasu sun ɗauka taimako shi ne wa'azi safe da yamma, da shinshina riga, da binciken aljihu. Wasu gori ne makaminsu: "Ai dama na san ba za ka iya ba." Mai shan sigari ya riga ya san tana kisa, a jikin kwalin ma an rubuta masa. Abin da sa ido irin wannan yake koya masa shi ne ya iya ɓoyewa, kuma da zarar ya fara sha a ɓoye, an rasa hanyar taimakonsa. Mai son taimako ya yi haƙuri da saurin fushin makonnin farko, ya lura da kwanakin da aka ci nasara ya yaba, ya ja shi su fita tattaki a daidai lokacin da ya saba kunnawa. Idan kuma ya zame ya sha, a tambaye shi me ya jawo, a bar zancen "ka ba mu kunya".

Sai kuma shiga yaƙi ba tare da sanin abokin gaba ba. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, kuma cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini. Shi ya sa mai sha yake farkawa da matsananciyar buƙata, ya kuma riƙa neman wani kara bayan kowane ɗan lokaci. Idan aka daina, jiki yakan yi bore: fushi, rashin natsuwa, rashin barci, yawan jin yunwa, wani lokaci ciwon kai da taurin bayan gida. Abin yakan kai ƙololuwa a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Wanda bai san haka ba, idan ya kai kwana na uku sai ya zaci haka rayuwarsa za ta ci gaba har abada, ya ce gara ya koma. Alhali yana kan mafi wuyar wurin ne, saura gangara. Ita kanta sha'awar ba ta zama. Takan taso, ta yi 'yan mintuna, ta lafa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka a wannan ɗan lokacin shi ne ka tashi daga inda kake, ka sha ruwa a hankali, ka ja dogon numfashi, ka kira mutumin nan da kuka yi alƙawari.

Akwai masu barin kwali ɗaya a cikin durowa, wai don su gwada ƙarfin zuciyarsu. Wannan ganganci ne. Daren da za ka bari, ka fitar da sigari da ashana da laita da abin zubar da toka daga gida da mota da wurin aiki, ka wanke tufafin da ke warin hayaƙi. Ka kuma zauna ka rubuta lokutan da hannunka ke tafiya aljihu da kansa: bayan cin abinci, lokacin tuƙi, hutun aiki, zama da wasu abokai, ga masu shan giya kuma lokacin shanta, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke rusa niyya. Kowane lokaci daga ciki yana bukatar abin da zai maye gurbin karan, kuma tun kafin ranar ake shirya shi.

Daga nan sai dabarun yaudarar kai. "Na rage, kara biyu kawai nake sha yanzu." Ragewa tana da amfani idan matakala ce zuwa ranar dainawa gaba ɗaya, amma ba wurin zama ba ce. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mai shan 20 yake ɗauke da shi. Komawa sigarin da ake cewa mara ƙarfi ma ba ta tsinana komai, domin mai sha yakan ƙara zurfin zuƙa ba tare da ya sani ba har ya samu nikotin ɗin da ya saba. Shisha kuwa, an gudu ne ba a tsira ba: ruwan da ke cikinta sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace gubar, ga kuma hayaƙin gawayin da ake ɗorawa a kai.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ƙin magani. Za ka ji mutum yana cewa, "Me ya sa zan bar nikotin na koma wa nikotin?" Nikotin shi ke ɗaure mutum, gaskiya ne, amma mafi yawan cutar daga hayaƙin take, wanda ke ƙunshe da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo cutar kansa. Filastar nikotin da ake mannawa a fata, da cingam ɗinsa, da ƙwayar tsotsa, suna ba jiki abin da yake nema a hankali ba tare da hayaƙi ba, kuma suna ƙara yiwuwar nasara da kusan rabi ko fiye. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan taimaka wa manya su bar taba, inda ta amince da waɗannan tare da magungunan varenicline da bupropion da cytisine, ta kuma nuna cewa haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowannensu shi kaɗai.

Cikin masu karɓar maganin ma, da yawa suna amfani da shi ba daidai ba. Cingam ɗin ba a tauna shi tiƙis-tiƙis kamar na yau da kullum. Ana ɗan taunawa har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, bayan ɗan lokaci a sake. Wanda ya yi ta tauna yana haɗiye yawun, shaƙuwa da tashin zuciya zai samu. Wasu kuma da sun ji sauƙi a mako na biyu sai su watsar, alhali yawanci mako 8 zuwa 12 ake yi. Filasta tare da cingam ko ƙwayar tsotsa sun fi filasta ita kaɗai. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin wata doguwar cuta, su fara ganin likita. Dalili kuwa, hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa saurin sarrafa wasu magunguna, irin su theophylline na ciwon asma da clozapine na taɓin hankali, to idan aka daina sha, adadin da aka saba zai iya yin yawa a jini. Haka ma sinadarin kafin da ke cikin kofi da shayi: kofin da ka saba sha zai fi yi maka ƙarfi yanzu, ya hana ka barci, ka ɗora wa barin sigari laifi. Ka rage shi a makonnin farko.

Maganar ƙiba kuma tana mayar da mutane da yawa. Gaskiya ce, akasarin masu bari sukan ƙara kilo 4 zuwa 5 cikin shekarar farko, domin ɗanɗano da jin ƙamshi sun dawo, baki kuma yana neman abin yi. Illar wannan ba ta ko kusa da ta hayaƙi. Kuskuren shi ne a rana guda mutum ya ce ya bar sigari, ya bar zaƙi, ya rage abinci, ya fara gudun safe. Da ɗaya ya rushe, sauran za su bi. Ka fara da sigarin, ka haɗa da tattaki, domin ko tafiyar minti 10 da ɗan sauri tana rage sha'awar a lokacin. Gyaran abinci ya jira wata guda ko biyu.

Masu cewa sai hankalinsu ya kwanta za su bari, su sani natsuwar da suke ji bayan zuƙa yawanci sauƙin ƙishirwar nikotin ce, wadda sigarin da kanta ta haddasa. Nazarin da aka yi a kan waɗanda suka bari ya nuna damuwa da fargaba sun ragu musu bayan 'yan makonni, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba.

To idan an zame fa? An yi wata biyu, aka je wani taro, aka sha kara ɗaya. A nan ne ake yin kuskure mai tsada: "Tunda na ɓata, bari in ƙarasa kwalin." Kara ɗaya haɗari ne na gaske, domin ƙwaƙwalwa ba ta manta ba, amma wata biyun da huhu ya huta ba su goge ba. Ka jefar da sauran a take, ka gaya wa mai taimakonka a ranar, ka ci gaba da maganinka, ka gano abin da ya kai ka don ka shirya masa. Mafi yawan waɗanda suka rabu da sigari har abada sai da suka gwada sau da dama.

Dattawa kuma sukan ce ai an makara, ɓarnar ta riga ta auku. Wasu masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun fara bibiyar likitocin Birtaniya a 1951, kuma sakamakon shekara 50 da aka fitar a 2004 ya nuna cewa mai shan sigari yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan dukansu, mai 40 ya ceto kamar 9, mai 50 kamar 6, mai 60 ma kamar 3. Cikin awa 12 da dainawa, iskar guba ta kabon monoksaid da ke jini takan sauko daidai, bayan shekara guda kuma ƙarin haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Tari zai iya ƙaruwa a makonnin farko yayin da huhu ke fitar da majinar da ta taru, kuma wannan ba dalilin komawa ba ne. Amma idan ya wuce mako uku bai lafa ba, ko aka ga jini a ciki, ko ana rama ba dalili, a je asibiti a duba.