Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa giyabos da injin tsohuwar a-kori-kurar Chevrolet

A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke ɗauko a-kori-kurar da ta haura shekara saba'in, su farfaɗo da ita, su ƙara mata ƙarfi da gudu. Irin wannan mota suke kira hot rod. Cikin waɗanda aka fi yi wa wannan aiki akwai Chevrolet 3100, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa farkon 1955, mai injin silinda shida a jere, 216 ko 235 (lambobin girman injin ne). Injin bai cika wahalar da kowa ba. Wajen giyabos ake shan wuya, musamman idan aka ce za a sa mata T5 mai giya biyar, wanda BorgWarner ya fara ƙerawa a farkon shekarun 1980.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada tun kafin a taɓa sufana ake yin sa: mutum ya sayi giyabos bai yi lissafi ba. Daga bayan mota ake faro wannan aiki, daga taya da aksul, sannan a taho gaba. Yawancin motocin nan sun fito da aksul mai 4.11, wato sai farfela ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. A 1954 aka koma 3.90. Lissafin ba wuya: a ninka gudun mota a mil da lambar aksul, a ninka da 336, a raba da tsayin taya a inci, abin da ya fito shi ne juyin injin a minti a giyar ƙarshe ta asali. Da taya mai inci 28 da aksul 4.11, a gudun mil 60, kusan kilomita 97 ke nan a awa, injin na juyi kusan 2,960 a minti. Wannan azaba ce ga 216, domin shi watsa baƙin mai yake yi wa boris ɗin sandunan fistin, ba ya tura shi da cikakken ƙarfi kamar 235 na 1954. Idan aka sa T5 mai giya ta biyar 0.72, wato injin ya yi juyi 0.72 kacal farfela ta yi ɗaya, juyin ya sauko wajen 2,130, injin ya numfasa, direba ya ji maganar na kusa da shi.

Sai dai a nan wasu ke zarce gona da iri. Su sa giya ta biyar, su kuma canza aksul zuwa 3.08, a tunaninsu za su rage shan mai. Lissafi ya ba da kusan 1,600 a wannan gudun, a mota mai faɗin ƙirji da iska ke tokarewa. Da an fara hawan tudu sai injin ya yi nishi, dole a koma ta huɗu, giya ta biyar ta zama ado. Ni a ganina aksul mai 3.55 zuwa 3.73 ya fi dacewa da 235, domin ƙarfin murɗarsa a wajen juyi 2,000 yake cika. A duba giya ta ɗaya ma. Wasu T5 na S-10, ƙaramar a-kori-kurar Chevrolet, suna da ta ɗaya mai 4.03, idan ta haɗu da 4.11 kafin ka tsallake mararraba ta ƙare. Ko da yake duk da haka ta fi ta SM420, tsohon giyabos mai huɗu wanda ta ɗayansa ta kai bakwai, ta jan kaya ce kawai.

Akwai abin da sabon shiga ba ya gani sai ya kwanta ƙarƙashin mota. Har zuwa 1954, farfelar 3100 a cikin bututun ƙarfe take, bututun kuma a haɗe yake da aksul. T5 ba ya karɓar wannan tsari. Duk wanda ya ce giyabos kaɗai zai canza bai shirya ba: sai da buɗaɗɗiyar farfela da aksul da ya dace da ita. A sa kuɗinsu a kasafi tun farko.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya sosai. Ramukan noti huɗu na T5 ɗin S-10 na shekarun 1980 suna dacewa da gidan kulocin motar, kuma wannan dacewar ce ke yaudarar mutane. Su ga rami ya hau rami, su ce an gama. Alhali hancin giyabos ɗin, sandar da ke ratsa kuloci ta shiga gindin karanshaf, ya fi na asali tsawo. Giyabos zai shiga, ya rage 'yar tazara, sai mai gaggawa ya ɗaure noti ya jawo shi da ƙarfi. Abin da ya yi shi ne ya tokare karanshaf zuwa gaba. Injin zai tashi lafiya, amma boris ɗin da ke hana karanshaf kai-komo yana cinyewa a hankali, wani lokaci kunnen giyabos ɗin, da yake alminiyon ne, ya tsage nan take. Kada a taɓa jawo giyabos da noti. Idan bai zauna da hannu ba, akwai abin da ya tokare, a sauke a nemo shi. Maganin ɗayan biyu ne: a sa farantin tazara tsakanin gidan kuloci da giyabos, ko a rage hancin da hannun rigar da boris ɗin kuloci ke zamewa a kai. Ni na fi son farantin, domin ba a yanke komai, gobe idan giyabos ya lalace a ɗauko wani a ɗora. Ko wanne aka zaɓa, a auna zurfin da ma'auni, ido ba ya wannan aiki. A kuma ɗora agogon awo a duba ko ramin gidan kuloci na daidai tsakiya da karanshaf. Kaucewar kada ta wuce 0.005 na inci, in ta wuce akwai turakun gyara da ake sayarwa don haka.

Faifan kuloci ma sai an canza: na asali tsagu 10 gare shi, na S-10 yana da 14, na Camaro, motar gudu ta Chevrolet, mai injin V8 kuma 26. Fulawil na motar mai batir volt 6 haƙora 139 ne, na mai 12 kuma 168, kik ɗin wannan ba ya cizon wancan.

Ba kowane T5 ne naka ba. Na Camaro sandar giyarsa can baya take fitowa, ƙarƙashin kujerar benci. Na S-10 tana gaba, inda hannu ke kaiwa, shi ya sa wasu ke ɗora wutsiyar S-10 a jikin na Camaro. Na S-10 na baya-bayan nan sun koma tsarin noti irin na Ford, sun kuma daina amfani da wayar sifido. A duba lambar da ke jikin giyabos kafin a biya kuɗi. Mai kuma, nau'in da ake kira World Class jan man giyar otomatik yake sha. Man giya mai kauri ba ya ratsa ƙananan boris ɗinsa.

Wanda ya cire injin silinda shidan ya dasa V8 350 da aka ƙara wa ƙarfi, ya sani cewa T5 na S-10 don ƙananan injina aka yi shi, ba zai jure fizga ba.

Masu son otomatik su ma da nasu tarkon. Ɓangaren bayan injin 235 bai dace da giyabos ɗin otomatik TH350 ko 700R4 ba sai da farantin haɗi, kuma da an cire gidan kuloci an rasa ƙafafun da ke riƙe bayan injin da mazaunin kik na ƙafa, sai an ƙera sabon gicciye a shasi. TH350 ba shi da giyar sassauci, ta ƙarshensa ɗaya-da-ɗaya ce, don haka da aksul 4.11 injin zai ci gaba da ihu. 700R4, wanda ya fito a 1982, yana da giyar sassauci mai 0.70. Amma akwai wayar da ke tashi daga kafireto zuwa cikinsa, da yawa suna ɗauka ta sauke giya ce kawai, alhali ita ke daidaita ƙarfin mai a cikin giyabos. In ta yi sako-sako, faifan ciki suna zamewa su ƙone cikin 'yar tafiya kaɗan. A sayi maƙalar da aka yi wa irin kafireton, a ɗaura agogon auna ƙarfin mai, a tabbatar allurar na tashi da zarar an taɓa totur, sannan a fito da mota kan titi.