Yadda za ka shirya tattakin tunawa da mutanen Hiroshima a Garwa ta Kamaru

Tun kafin ka gama bayani za a tare ka da tambaya: "Malam, me ya haɗa mu da Japan?" In ba ka tanadi amsa ba, kada ka fara buga takardar gayyata. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi, ga abin da nake faɗa wa dattawan unguwa.

Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 kuma a Nagasaki. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu a birni na farko, sama da 70,000 a na biyu. Kaso mai yawa na yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga, a Kwango, aka haƙo shi. Sai kuma wanda ya fi kusa da mu: ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta kuma ci gaba har gwaji 17 zuwa 1966. Taswirar sojojin Faransa da aka fitar fili bayan shekaru fiye da hamsin ta nuna ƙurar gwajin farko ta kai Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort-Lamy. Tsakanin Njamena da garinmu na Kusiri a nan Kamaru kuwa kogi ne kawai. Nijeriya har jakadan Faransa ta kora a farkon 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Da ka kawo nan za ka ga masu gyangyaɗi sun gyara zama.

Daga nan sai zaɓen rana. Kowa zai ce 6 ga Agusta, kuma ba laifi, amma ka san damina ce tsundum, 'yan makaranta suna hutu, rabin mutanenka suna gona. Ni na fi son 13 ga Fabrairu: ba ruwa, zafin Garwa bai gama kankama ba, kuma hazo na saukowa daga arewa, mutane suna ganin da idonsu yadda iskar Sahara ke iso mana. Matsalarsa ɗaya, kwana biyu ne bayan bikin matasa na 11 ga Fabrairu, yara sun gaji da fareti, hukuma ma haka. In duka biyun ba su yi maka ba, akwai 26 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don kawar da makaman nukiliya, lokacin an koma makaranta. Kada ka ce sai kun yi shiru daidai lokacin da bam ya faɗi. Ƙarfe 8:15 na safe a Hiroshima ƙarfe 12:15 ne na dare a nan. Ku yi naku da 8:15 na agogonmu.

Yanzu ga inda ake yawan faɗuwa, wato takarda. Dokar 1990 kan taruka da jerin gwano ta ce duk wanda zai bi titi da jama'a sai ya sanar da sufurefe, wato shugaban gunduma, aƙalla kwana bakwai kafin ranar. Kai dai ka kai taka da mako biyu. Ka rubuta da Faransanci: sunayen masu shiryawa, dalili, rana, sa'a, da hanyar da za ku bi titi-titi. Garwa ta kasu gunduma uku, saboda haka ka tsara hanya da ba za ta fita daga gunduma ɗaya ba, kada ka wayi gari kana zarya tsakanin ofis biyu. Kada ka baro wurin sai da resefise, wato shaidar an karɓi takardarka, a hannunka, ka yi mata fotokofi, ɗaya a aljihun na gaba, ɗaya a na baya. Ka kuma leƙa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da kanka. Kafin duk wannan, ka fara gaida jauro, wato mai unguwa, da Sarkin Hausawa, su za su nuna maka yadda maganar za ta isa fadar Lamido. Tattakin da fada ba ta ji labarinsa ba, ko an bari an yi, tsofaffi ba za su fito ba.

Hanya kada ta wuce kilomita uku. Ku tashi bayan rana ta ɗan ɗaga, ku gama kafin goma, ku kauce wa bakin babbar kasuwa inda 'yan moto ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Tsofaffi a gaba domin su ne za su saita tafiya, mata da yara a tsakiya, samari huɗu da jan ƙyalle a gefe, amalanken ruwan leda a baya tare da buhun zuba shara. Rigar jam'iyya ko hular ɗan takara, a hana tun daga wurin taruwa, komai girman mai ita. Kwalaye a rubuta su da Hausa da Fillanci da Faransanci, jimla ɗaya-ɗaya, ba zagin kowace ƙasa. Ba kiɗa, ba taken komai; shirun ne ke sa mai shago ya fito ya tambayi abin da ake ciki.

Abin da yara suka fi so shi ne tsuntsayen takarda. Sadako Sasaki tana da shekara biyu bam ya faɗi a Hiroshima, ciwon dajin jini ya kama ta daga baya, ta riƙa naɗe takarda siffar gauraka a gadon asibiti har ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Ka samu tsofaffin littattafan rubutu, ka yanka su murabba'i daidai wa daida, don in gefe ɗaya ya fi tsawo fiffiken ba zai tashi ba. A zura su a zaren buhu da allura, a sa ɗan ƙulli tsakanin kowane biyu, a rataya a sandar dawa. A Hiroshima da yamma suna sakin fitilun takarda a kogin Motoyasu, kuma lallai wani zai ce a yi haka a Binuwai. Ni ban yarda ba. A Agusta kogin ya cika ya batse, ga dorina, ba na kai ɗan kowa bakinsa.

A wurin tsayawa liman ya yi addu'a, fadan coci ko fasto ya yi tasa, sai mai jawabi ɗaya, minti goma. Ya gaya wa mutane cewa ƙungiyar waɗanda suka tsira daga bam, Nihon Hidankyo, ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024. Cewa yarjejeniyar Pelindaba ta haramta wannan makami a nahiyar Afirka tun da ta fara aiki a 2009. Cewa Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida ta kuma wargaza su da hannunta. Ya ambaci yuraniyom ɗin Kitongo kusa da Poli, a jiharmu ta Arewa, don a san maganar ba ta nesa ba ce.

Washegari ka koma ofishin sufurefe da fada ka yi godiya, ka kai wa kowannensu hoto ɗaya. Badi wajensu za ka sake zuwa da takarda.