Darasi na Tara: Waya Ta Ce Ba Komai, To Wa Ya Gwada Wayar?

A ce wata mai sayar da koko a Aboabo ta ga baƙin tabo a tafin ƙafarta, wata uku yana ƙara faɗi. Ɗanta ya ɗauki hotonsa, ya sa a wata manhaja, manhajar ta ce ba komai. "Inna, kin gani ko? Na'ura ce fa." Kafin Inna ta saki jiki, bari mu ga yadda ake auna irin wannan na'ura.

Da hotuna ake koya mata. A tara dubban hotunan fata, kowanne da sunan ciwonsa, kwamfuta ta yi ta kallo har ta fara rarrabewa. A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi haka da hotuna kusan 130,000, suka kara ta da likitocin fata 21, aka tashi kusan kunnen doki. Sai dai an gano wani abin dariya: likitoci kan ajiye rula kusa da tabon da suke zargi, sai kwamfuta ta ɗauka rular ma alamar ciwon ce.

Ku ɗauko fensir. Ga hotuna 100, goma daga ciki na ciwon daji ne. Na'urar da ke ce wa kowa "lafiya lau" ta ci 90 cikin 100, alhali ko mara lafiya ɗaya ba ta kama ba. Don haka idan aka yi muku kurin kashi 90, ku tambaya: cikin goman nan, nawa ta kama? Cikin masu lafiya 90, nawa ta tayar wa hankali a banza? Tayar da hankali asarar kuɗin mota ne da rashin barci. Wanda aka sallama da ciwo kuwa, shi ne abin tsoro.

Sannan fatar wa ta gani? Yawancin hotunan da ake koyarwa da su na farar fata ne. Mu baƙar fata, mugun ciwon dajin fata da ake kira melanoma ya fi fito mana a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. A farcen ƙafa ya fara wa Bob Marley, ya rasu a 1981. 'Yan'uwanmu zabiya kuma rana ce ke cutar da fatarsu, su sa hula da riga mai dogon hannu.

Tabon da ke girma, ko sauya launi, ko zubar da jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti, kamar Komfo Anokye nan Kumasi. Likita zai yanki ɗan ƙanƙanin nama a duba a ɗakin gwaji, a nan ake tabbatarwa.

Aikin gida: a cikin hotunan nan 100, wata na'ura ta kama 7 cikin marasa lafiya 10. Mutum nawa suka koma gida da ciwonsu? Ku rubuta amsar da lamba, ku kuma rubuta ta da kalmomi.