Yadda za ka tunkari digiri na biyu a gudanar da gidan zu, gidan kifaye ko matsugunin dabbobi

Shekara huɗu na yi ina wanke keji da auna abincin dabbobi kafin na koma aji, kuma da za a mayar da ni baya, haka zan sake yi. Matasa kan zo su ce min, "Yaya, wace jami'a zan nema?" Ni kuwa sai in tambaye su ko sun taɓa kwana suna gadin dabbar da ta ƙi cin abinci. Wanda ya ce bai taɓa ba, nakan ce ya ajiye fom ɗin tukuna, ya nemi wurin da zai yi aikin sa kai ko da wata shida ne.

Wannan digiri na masu yanke hukunci ne. Wace dabba za a karɓa, wace za a tura wani gida, ma'aikata nawa za a ɗauka, a gyara famfon tace ruwa bana ko a sabunta shinge. Wanda bai taɓa riƙe tsintsiya da makulli ba zai zauna a ofis yana tsara abin da ba zai yiwu ba, kuma dabbobi da ƙananan ma'aikata ne za su ji a jikinsu.

A makona na farko, dattijon da aka haɗa ni da shi bai koya min sunan ko dabba ɗaya ba. Kwaɗon ƙofa ya koya min. Ya ce, "Ɗana, idan ka kulle, ka ja shi da hannunka, ka tafi taku biyu, ka dawo ka sake ja. Kuma kada ka taɓa ƙofar fili sai idonka ya ga zakunan nan duka a ɗaki, ka ƙirga su da baki." Daga baya na karanta wannan ƙa'ida a darasin tsaron ma'aikata, shafi guda cur, amma hannuna ya riga ya haddace ta. Saboda haka tun ranar da ka fara aikin sa kai ka sayi littafi, ka riƙa rubuta awoyin da ka yi, irin dabbobin da ka kula da su, da abin da aka bar ka ka yi da kanka. Wannan littafin ne zai cika maka takardar neman gurbi.

Sai ka san wane gida kake so a cikin ukun, domin ko da an haɗa su a kwas ɗaya, ciwon kan kowanne daban ne.

A gidan kifaye ruwa kake kiwo kafin kifi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Kafin ƙwayoyin nan su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Na taɓa aiki a wani wuri da aka matsa a cika sabon tanki da kifi saboda ranar buɗewa ta matso. Da safiyar kwana na uku na tarar da su sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, wasu sun kwanta a gefe. Mun yini muna sauya ruwa, amma mun yi asarar da yawa. Babu wanda ya yi mugunta a cikinmu. Wanda ya sa ranar ne bai san lissafin ruwa ba, mu da muka sani kuma ba mu da bakin da za a saurara. Ranar na ƙudura sai na kai matsayin da zan iya cewa a dakata.

Matsugunin karnuka da kyanwoyin da aka yasar shi ne mutane suka fi rainawa, alhali nan lissafi ya fi kisa ko ceto. Ka riƙe wannan: yawan dabbobin da ke gidan a kowace rana shi ne adadin masu shigowa kullum sau kwanakin da kowace ke yi. Idan biyar ke shigowa a rana, kowace ta yi kwana 20, kana bukatar wurin dabba 100. Idan ka gaggauta allurar rigakafi da fiɗiya da neman masu ɗauka har zaman ya koma kwana 10, wurin 50 ya ishe ka, ba tare da ka kori ko ɗaya ba. Cunkoso ke kawo gajiya da tsoro, su kuma su buɗe wa cuta ƙofa. Cutar fabo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, ƙwayarta na daɗewa a ƙasa wata da watanni, kuma ba kowane maganin wanki ke kashe ta ba. Bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi 32 yana yi, amma sai an fara wanke ƙazanta tas, sannan a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Ƙungiyar likitocin matsugunan dabbobi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin kula a 2010, ta sabunta su a 2022, kuma kyauta suke a intanet. Ka karanta su kafin ka shiga aji. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: wata rana kai za ka sa hannu a kawo ƙarshen wahalar dabbar da ba za ta warke ba, kuma kai za ka lura da ma'aikaciyar da ta fita bayan ɗaki tana share hawaye. Kwas ɗin da bai taɓo wannan ba bai cika ba.

Gidan zu kuwa aikinsa ya wuce katangarsa. Kowace dabba tana da rajista, kuma gidaje fiye da dubu a duniya suna zuba bayanansu a manhajar ZIMS ta ƙungiyar Species360, wadda ta faro tun 1974. Da kundin zuri'a ake zaɓar wa za a haɗa da wa don kauce wa auratayyar jini ɗaya, kuma burin da aka saba sawa shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin gado har shekara 100. Amfanin wannan ba a takarda ya tsaya ba. A 2000 aka ayyana cewa mariri mai lanƙwasassun ƙahoni ya ƙare a daji. Daga garkunan da aka tsare a killace aka fara mayar da shi Chadi a 2016, ya hayayyafa, har IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sassauta matsayinsa a jerin dabbobin da ke cikin haɗari a 2023. Sai dokar CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, da ta fara aiki a 1975, wadda sai da izininta ake tsallaka iyaka da dabbar da ke cikin jerinta. Takardu ne masu gundura, amma shugaban da bai iya su ba dabbarsa a akwati za ta kwana a filin jirgi.

Game da makarantu, ba su da yawa. Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka tana da mastas da ya haɗa gidajen uku, inda ake gwama kimiyyar dabbobi da darussan shugabanci da harkar kuɗi. Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan tare da ƙungiyar da ke riƙe da gidan zu na Landan suna da kwas biyu na shekara guda, ɗaya na likitocin dabbobi, ɗaya na masu digirin nazarin halittu. Jami'ar Plymouth da ke Ingila tana aiki da gidan zu na Paignton. Jami'ar Fulorida tana koyar da lafiyar dabbobin matsuguni ta intanet, abin da ya dace da mai aiki da ba zai iya barin wurinsa ba. Idan shekara guda ta yi maka nisa, cibiyar Durrell da ke tsibirin Jersey tana da horon kimanin wata uku kan dabbobin da ke gab da ƙarewa. Kwasa-kwasai kan sauya suna da tsari, don haka ka duba shafin kowace da idonka.

Kada hotunan shafin su ruɗe ka. Ka buɗe jerin darussa. Idan ba ka ga kasafin kuɗi, kula da ma'aikata, doka, da neman tallafi ba, to kimiyyar halittu ce zalla aka sa mata wani suna. Ka rubuta musu ka tambaya awa nawa ɗalibi ke yi a cikin ainihin gidan dabbobi, su waye malaman da suka taɓa riƙe irin wannan gida, kuma ina waɗanda suka gama shekara uku baya suke aiki yanzu. Ka nemi a haɗa ka da ɗaya daga cikinsu. Gani ya kori ji, amma idan ba ka iya zuwa, bakin wanda ya gani ya fi talla.

A wasiƙar neman gurbi kada ka buɗe da cewa tun kana yaro kake son dabbobi, kowa haka yake rubutawa. Ka kawo matsala ɗaya da ka gani da idonka da abin da kake son koyo don magance ta. Ni damisa na kawo, wadda ke zarya a bakin shinge har ta yi gwadabe a ƙasa. Ita ce kuma ta zama aikin bincikena. Na yi amfani da tsarin fannoni biyar na auna walwalar dabba da David Mellor da abokin aikinsa suka fitar a 1994: abinci, muhalli, lafiya, ɗabi'a, da halin da zuciyarta ke ciki. Da sanyin safiya nakan zauna da agogo da takarda, duk bayan minti biyu in rubuta abin da take yi. Muka daina ba ta nama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, muka riƙa ɓoye shi, muka kafa mata dandamali a sama inda za ta hango nesa, muka rufe wani ɓangare daga idon masu kallo. Zaryar ba ta ɓace ba, amma ta ragu, ciyawa ta fara tsiro a gefen gwadaben.

Wasiƙun shaida biyu ka nema, ɗaya daga malamin jami'a, ɗaya daga wanda ya ga aikinka a keji, kuma ka ba su wata guda aƙalla. Neman tallafin karatu yakan rufe kusan shekara kafin a shiga aji, kuma wasu, kamar Chevening na Birtaniya, suna sharaɗin aikin shekara biyu. A nan ma littafin awoyin nan naka za ka ɗauko.