Kurakuran da mata ke yi tsakanin rilaksa da gashin asali

Na gaji da ganin mata suna zuwa da gashi a kakkarye suna tambayar wane mai ne zai dawo da shi, alhali ɓarnar ta faru ne tun ranar da aka shafa rilaksa ba bisa ƙa'ida ba.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne jure zafi. Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi wanda yake karya ɗaurin da ke riƙe da murɗin gashi, kuma silin da ya miƙe ba ya sake komawa yadda yake har abada. Abin da ke da wannan ƙarfi a kan gashi ba zai ƙyale fata ba. Shekarun baya na zauna a gaban wata mai gyaran gashi, kaina yana ci kamar an ɗora garwashi, ita kuwa tana cewa, "Ki daure, Anti, yanzu ne yake kamawa." Na daure. Washegari na tashi gashin ƙeyata ya manne da ruwan ciwo, kuma wurin bai sake tsiro ba sai bayan watanni. Zafi alamar ƙuna ce, saboda haka da zarar kin ji shi a wanke nan take. Ni yanzu da agogo nake zama, ba na wuce mintocin da aka rubuta a jikin kwali, ina shafe goshi da kunnuwa da basilin, sannan a wanke sau da yawa da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin.

Haka nan, sabon tsiro kaɗai ake shafa wa, bayan makonni 8 zuwa 12, domin gashi ba ya wuce kusan santimita ɗaya a wata. Mai maimaitawa duk wata tun daga saiwa har baki tana cinye gashinta da hannunta. Akwai ma dalilin da ya wuce ado: binciken Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka na 2022 ya gano cewa matan da ke amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa a wurinsu ya ninka na waɗanda ba sa amfani da su.

Masu komawa gashin asali kuma suna zaton sun huta, sai su kama taje kai a bushe. Mahaɗar sabon tsiro da tsohon gashin da aka miƙar ita ce wuri mafi rauni, kuma a nan yake tsinkewa ya cika mataji. Ki jiƙa shi da ruwa da mai, ki raba kashi huɗu, ki warware da yatsu tun daga baki zuwa saiwa. Ni dai na fi son a yanke tsohon gaba ɗaya, ko da yake ba kowace mace ce za ta iya ganin kanta da guntun gashi ba.

Kada a sosa kai ana gobe za a shafa rilaksa, kada kuma a haɗa shi da rini a rana ɗaya. Kitso mai ɗaurin tsiya yana cinye gaban goshi ko da wane irin gashi gare ki. Yarinya ƙarama kuwa, don Allah a bar mata kanta har ta girma ta zaɓa da kanta.