Yadda ake gwada ko ƙwayar yis tana juya kitse zuwa cikin tantaninta

Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar yis ninki biyu ne, kuma abin da ke fuskar waje ba shi ke fuskar ciki ba. Da wani irin kitse mai suna fosfolifid aka gina tantanin, kuma nau'o'insa da ake kira PS da PE galibi a ciki suke taruwa. Kowane fosfolifid yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudunsa, shi ya sa ba ya iya ratsa tsakiyar tantanin da kansa sai da jiɓin goshi. Furotin ne ke kama shi, ya ƙona ATP, wato makamashin ƙwaya, ya juya shi ciki. Wannan furotin shi ake kira filifes.

Yis ɗin Saccharomyces cerevisiae yana da irinsu guda 5: Drs2, Neo1, Dnf1, Dnf2 da Dnf3. Dnf1 da Dnf2 su ne masu aiki a tantanin waje, kuma ba sa isa can sai da rakiyar abokin tafiyarsu Lem3. To, ta yaya za ka gani da idonka cewa juyin ya faru?

Fara da tanadar yis iri biyu aƙalla: lafiyayye, da wanda aka cire masa ƙwayar gadon LEM3, ko aka cire masa DNF1 da DNF2 gaba ɗaya. Idan ba ka da na biyun, kada ma ka soma, domin ba ka da abin kwatantawa. Ka rene su a ruwan abincinsu a zafin digiri 30 har su kai tsakiyar lokacin da suke hayayyafa da sauri, wato ma'aunin OD600, mai nuna yawan ƙwayoyi a ruwan, ya kai wajen 0.5. Yis da ya kwana ya tsufa a kwalba ba zai ba ka amsa ta gaskiya ba.

Sai kitsen gwaji. Ana amfani da fosfolifid da aka maƙala wa alama mai ƙyalli, NBD, a gajeriyar jela mai kabon 6. Gajartar jelar ce ke ba shi damar ratsa bangon ƙwaya ya shige fuskar waje ta tantani cikin sauƙi. Narka NBD-PC (PC ma nau'in fosfolifid ne) ko NBD-PE a sinadarin narkarwa DMSO. Za ka ga ruwan ya yi launin ruwan ɗorawa mai haske. Nan take ka naɗe bututun da takardar alminiyam, don haske yana dusashe alamar.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai. Ƙwaya tana da hanya ta biyu ta shigar da kitse: takan lotsa wani yanki na tantaninta ciki ta haɗiye shi a 'yar jaka. Wannan ba aikin filifes ba ne, amma shi ma ƙyalli zai nuna maka, ka ɗauka ka yi nasara. Don toshe wannan hanya, ɗora ƙwayoyin a kan ƙanƙara su yi sanyi tukuna, sannan ka zuba kitsen, ka bar su kamar minti 30. Sanyi yana tsayar da haɗiya, filifes kuwa yakan ci gaba da aiki ko da a hankali. Wasu sun fi son yin gwajin da ɗumi su sa latrunkulin A, wanda ke wargaza zaren aktin da haɗiyar ta dogara da shi. Ko wacce ka zaɓa, ka riƙe ta a kan dukkan samfuranka.

Daga nan sai wanki, kuma a ganina nan ne gwajin ke tsayawa ko ya rushe. Kitsen da ya tsaya a fuskar waje bai juya ba, amma yana ƙyalli kamar wanda ya shige. Wanke ƙwayoyin da ruwa mai sanyi da aka narka furotin BSA marar kitse a ciki, sau biyu ko uku, kana tara su da na'urar santirifuj bayan kowane wanki. BSA yana tsame abin da ke waje, hannunsa ba ya kai wa ga na ciki. Ka haɗa da sodiyam azaid don ATP ya ƙare aiki ya tsaya cak. Guba ne mai ƙarfi, ka sa safar hannu, kuma kada ya haɗu da asid.

Kafin awo, ɗiga furofidiyam ayodaid. Matacciyar ƙwaya tantaninta a yage yake, tana shan kitsen ba iyaka, 'yan kaɗan ma sun isa su ɓata lissafi. Wannan rini yana mayar da su ja, sai ka ware su gefe.

Zuba samfurin a na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza na nanomita 488, ka karanta koren ƙyalli a wajen nanomita 530. Ƙirga ƙwayoyi 10,000 masu rai a kowane samfuri, ka cire ƙyallin bututun ƙwayoyin da aka sa wa DMSO zalla ba kitse. Idan komai ya tafi daidai, yis marar Lem3 zai sha NBD-PC da NBD-PE kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da lafiyayye. Ina roƙonka ka leƙa madubin duba ƙananan halittu ma: a lafiyayyar ƙwaya za ka ga kore ya kewaye cibiyar ƙwaya ya bi zaren mitokondiriya, sassan da ke samar mata da makamashi, ɗaya kuwa dishi-dishi kawai.

Kada ka yi mamaki idan ka gwada NBD-PS ka ga cire Lem3 bai rage shigarsa sosai ba. Masu bincike sun daɗe da lura da haka. Ka kuma tuna cewa ƙofa ce mai shige da fice: famfunan Pdr5 da Yor1 suna iya tura kitse mai alama waje, don haka abin da ka auna ragowar ja-in-ja ne tsakanin ɓangarorin biyu.

Idan kana son shaida ta biyu ba tare da ƙyalli ba, ɗiga ƙwayoyin a faranti mai maganin duramaisin, wanda ke kama PE idan ya fito waje. Yis marar Lem3 zai kasa girma a nan, amma a faranti mai maganin miltefosin shi ne zai tsira, tunda ta hannun Dnf1 da Dnf2 maganin ke shiga ƙwaya. Ka ba farantan kwana 2 a digiri 30 kafin ka ɗauki hoto.