Yadda na gyara shimfiɗar faibagilas da ta kumbura a tankin kifi

An kira ni in duba wani tankin siminti na kiwon tarwaɗa da aka shimfiɗa wa faibagilas (wato zaren gilashi da ake jiƙawa da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri), wanda ya yi ƙuraje a gindinsa, ruwa kuma yana raguwa. Da na ƙwanƙwasa wuraren, sai na ji amon rami, alamar shimfiɗar ta rabu da simintin. Dalilin shi ne danshi, domin rezin ɗin foliyesta ba ya kama jiƙaƙƙen siminti, kuma sabon siminti yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a rufe shi.

Na kwashe kifin, na zubar da ruwan, na gurje duk inda ya ɗago har sai da na kai inda ya kama da kyau. Don tabbatar da bushewa, na manna leda a kan simintin ta kwana. Da ban ga raɓa a ƙarƙashinta ba, sai na shafa man share fage. Daga nan na shimfiɗa tabarmar zaren gilashi mai nauyin giram 450 kowace murabba'in mita, na jiƙa ta da rezin, ina bi da rola domin fitar da iska. Sinadarin daskarwa kashi 1 cikin 100 kawai na zuba, saboda a zafin rana kashi 2 yana daskarar da haɗin tun yana cikin bokiti. Shafin ƙarshe dole ya ƙunshi kakin farafin, in ba haka ba samansa zai ci gaba da danƙo.

Ban mayar da kifin ba sai da warin sinadarin ya gushe, na kuma cika tankin na zubar.